Maɗori, mai ƙas-ƙas da likita: wa za mu miƙa wa ƙashin 'ya'yanmu?

Wata ranar Talata, lokacin shan iska, na leƙa ta tagar aji na hango yara sun yi cincirindo a gindin dogon yaro. Na ɗauka kokawa ce, shi ya sa ban yi gaggawa ba. Da na ƙarasa sai na tarar wani ƙato ɗan ajin CM2 ya zaunar da wani ɗan mitsitsin yaro na CE1 a kan benci, hannu ɗaya ya tallabe masa haɓa, ɗayan yana ƙeya, yana jujjuya kan a hankali, yana shirin fizgewa. Sauran sun yi tsit suna jiran su ji ƙas. Tsawar da na daka masa sai da ta fito da malamar ajin da ke can ƙarshe. Da na tambaye shi me yake yi, ko gezau bai yi ba, ya ce: “Mushe, ai gyara ne. Haka likitocin Amurka suke yi, a wayar yayana na gani.”

Ban taɓa shi ba, domin ba ƙarya ya yi ba. Ni ma na ga waɗannan bidiyoyi, kuma na san ku ma kun gani. Mutum yana kwance a kan dogon gado, wani mai tsabtatacciyar riga ya danna masa baya ko ya murɗe masa wuya, ƙara ta tashi, mara lafiya ya miƙe yana dariya. Suna yawo a TikTok da WhatsApp, wasu har an ɗora musu fassarar Hausa. Abin kuma bai tsaya a waya ba. Bara wani baƙo ya sauka a wata kasuwar yankinmu da tabarma da lasifika da babban hoton ƙashin bayan mutum. Ya ce ya koyo gyaran baya irin na Turawa, yana maganin hawan jini, da ciwon suga, da fitsarin kwance, da rashin ƙoƙarin yaro a makaranta. Na ƙarshen nan ne ya sa iyaye suka yi layi riƙe da hannun 'ya'yansu. Yara suka laƙaba masa suna mai ƙas-ƙas.

Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne a ƙasar Tanda. Amma ina da baya mai ciwo, ina kuma da ɗalibai masu hawa mangwaro, kuma waɗannan biyun sun kai ni wurare da yawa. Shekarun tsayuwa gaban allo da girgizar babur a hanyar Gaya sun sa min ciwon ƙugu wanda wani lokaci ko ruku'u sai na dafa gwiwa. Wanzami ya yi min ƙaho. Wata tsohuwa ta yi min tausa da man kaɗe. Na sha ƙwayoyin masu talla a faranti har cikina ya fara zafi. A wani birni na kwanta wa wani mai ƙas-ƙas, kuma gaskiya ɗaya ce, na tashi ina jin sauƙi, na yi kwana uku kamar an sauke min buhun gero daga baya. Ranar ta huɗu ciwon ya dawo inda yake. Abin da ya daɗe a jikina shi ne motsa jiki huɗu da wata ma'aikaciyar kine ta koya min, wato irin waɗanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira masu gashin ƙashi. Ba ta yi min wani abin burgewa ba, babu ƙara, babu tafi. Cewa ta yi in riƙa yi kullum da asuba, in kuma daina kwanciya idan ciwon ya motsa.

Wannan sana'a ta ƙas-ƙas tana da suna da tarihi. Turawan Ingila da Amurka suna ce mata kairofraktik, Faransawa kuma kirofraksi, kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta yi da hannu. Wanda ya ƙirƙiro ta, Daniel David Palmer, bai yi karatun likita ba. Ya taɓa koyarwa kamar ni, ya taɓa sayar da kayan masarufi, daga baya ya koma warkar da mutane da abin da ya kira ƙarfin maganaɗisu a garin Davenport na jihar Iowa. A watan Satumba na 1895 ya ce ya danna ƙashin bayan wani mai kula da gini, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Daga wannan ya yanke cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke fitowa, idan an mai da su wurinsu jiki zai warkar da kansa. A 1906 an ɗaure shi na ɗan lokaci saboda yin aikin likita ba lasisi. Ɗansa B.J. Palmer ne ya bunƙasa makarantar har ta yaɗu.

Ku lura da shekarar. A watan Nuwamba na wannan 1895 ɗin ne wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, wanda mu a nan muke ce wa radiyo, a Najeriya kuma hoton ƙashi. Wata biyu ne tsakani. Tun daga lokacin ana da na'urar leƙa cikin jiki, amma har yau ba a tabbatar da gocewar nan da Palmer ya ce ita ce uwar cututtuka ba. A 2010 hukumar da ke kula da masu sana'ar a Birtaniya da kanta ta ce babu binciken da ya isa a kafa hujja da shi cewa wannan gocewa tana haddasa cuta. Ita kuwa ƙarar da ke burge mu, ba ƙashi ne ke komawa gurbinsa ba. Iska ce ke fita daga ruwan da ke cikin gaɓa, irin wadda kake ji idan ka lanƙwasa yatsunka. Shi ya sa idan ka yi sau ɗaya sai ka jira kamar minti ashirin kafin ta sake yi.

To, abin duk ƙarya ne ke nan? A'a, kuma nan ne nake saɓawa da wasu abokaina 'yan boko da ke son a yi watsi da komai. Masu sana'ar na gaskiya a yau suna shafe shekara huɗu zuwa shida suna karatu, da yawansu sun ajiye maganganun Palmer sun tsaya a kan ciwon baya da na gaɓoɓi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon ƙugu mai daɗewa wanda ba wata cuta ce ta kawo shi ba, ta kuma ce ciwon ƙugu kowane iri ya shafi mutum miliyan 619 a 2020. Cikin abubuwan da ta ce ana iya yi akwai wayar da kan mara lafiya, da motsa jiki, da tausa, da dannar ƙashin baya da hannu, da magungunan rage kumburi. Cikin waɗanda ta ce a guje musu akwai ɗamarar da ake ɗaure ƙugu da ita, da jan baya da na'ura, da magunguna dangin tramol. Ku duba jerin farko da kyau: danna baya ya zauna a layi ɗaya da tausa da motsa jiki, bai fi su ba. Binciken da aka tattara ya nuna sauƙin da yake kawowa kaɗan ne, kuma daidai yake da na sauran. Ma'ana tsohuwar da ta murza ni da man kaɗe ba ta yi nisa da mai riga mai tsabta ba, ita kuma goro kawai na ba ta. A ƙara da cewa yawancin ciwon baya na farat ɗaya yana lafawa da kansa cikin mako shida, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Wanda aka je wurinsa a mako na biyar shi ke kwashe yabo.

Wannan duk maganar baligi ce mai ciwon gajiya. Idan aka zo kan yara lissafi ya canza. A 2008 wani marubucin kimiyya a Ingila, Simon Singh, ya rubuta a jaridar Guardian cewa babu hujja a kan iƙirarin ƙungiyar masu sana'ar cewa suna maganin ciwon cikin jarirai, da ciwon kunne, da asma. Suka maka shi kotu, bayan shekara biyu suka janye ƙarar. A Ostiraliya, a 2019, bidiyon wani yana juya jariri ɗan mako biyu ya tayar da ƙura har hukumarsu ta dakatar da danna bayan yaran da ba su kai shekara biyu ba. A Faransa, inda doka ta amince da sana'ar tun 2002, ba a yarda su taɓa kai ko ƙashin bayan jaririn da bai kai wata shida ba sai likita ya duba shi ya ba da takarda. Shi kuwa wuya, akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta cikin ramukan ƙasusuwansa suna kai jini ƙwaƙwalwa. Fizga mai ƙarfi tana iya tsaga ɗaya, jini ya daskare, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, masana ma suna jayayya a kan yawansa. Amma idan ribar da ake nema sauƙin kwana uku ce, ni ban ga dalilin sa wuyan yaro a wannan caca ba.

Abin da nake so iyaye su gane shi ne, a waɗannan ƙasashe an yi wa sana'ar shinge: makaranta, lasisi, hukuma, kotu. Mu abin da ya iso mana bidiyo ne da lasifika, shingen ya tsaya a can. Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan girma. Baturen da ya shiga wurin mai danna baya, mai yiwuwa zaman kujera ne ya dame shi, kuma akwai asibiti a bayan layinsu. Ciwon baya a bakin kogin Kwara ba lallai ne na gajiya ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya a ɓoye, ya rarake shi kamar yadda gara ke rarake azara, sai wata rana ƙusumbi ya fito ko ƙafafu su mutu. Danna irin wannan baya da ƙarfi tamkar taka rufin da gara ta cinye ne, alhali maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Amosanin jini yana sa yaro kukan ƙashi, abin da yake bukata ruwa ne da maganin zafi da kulawa, ba murɗa ba. Tsargiya, wadda mu malamai muke auna tsayin yara da sanda muna raba musu ƙwayarta, idan ta daɗe tana taɓa mafitsara da ƙoda, ciwon ya fito a kwiɓi da ƙugu. Hannu ba ya bambance waɗannan. Saboda haka duk ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko zufar dare, ko rama, ko tari mai daɗewa, ko jini a fitsari, ko raunin ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa, na asibiti ne, kuma a ranar. Yaro ma da ya yi mako biyu yana kukan baya, a kai shi a duba, domin yara ba su cika yin ciwon baya haka kawai ba.

Sai dai in na tsaya a kan baƙon kasuwa ban yi adalci ba, domin shi ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Mai aiki da hannu da muke zaune da shi kullum shi ne maɗori, kuma shi ne ainihin wanda ya kamata a ɗora a sikeli ɗaya da asibiti. Ina girmama maɗora. Sana'a ce ta gado, kuma na ga aikinsu ya yi kyau ba sau ɗaya ba. Dalilin ba boyayye ba ne: ƙashi da kansa yake haɗewa. Idan karaya ce mai sauƙi, a tsakiyar ƙashi, fata ba ta fashe ba, aka daidaita aka hana shi motsi, na yaro kan kama cikin mako uku zuwa shida, na babba ya ɗauki wata biyu ko uku. Maɗori yana zuwa har gida, ya san ubanka, yana jin yarenka, Dandanci ne ko Hausa ko Fulatanci, ba ya cewa sai ka biya kafin ya taɓa ka, idan ka warke ka kai masa kaza ko damin gero. Wane asibiti ne ke yin haka?

Kada kuma mu ɗauka Turawa daga sama suka samo likitan ƙashi. Hugh Owen Thomas, wanda ake kira uban aikin ƙashi na zamani a Birtaniya, ɗan gidan maɗora ne kaka da kakanni daga tsibirin Anglesey a yankin Wales. Ubansa maɗori ne a Liverpool, shi ya tura 'ya'yansa karatun likita. Ƙarfen ɗorin cinya da Thomas ya ƙera har yau da sunansa ake kiransa, kuma da Robert Jones ya shigar da shi cikin sojoji a yaƙin duniya na farko, mutuwar masu karayar cinya ta sauko daga wajen kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasa da 20. Gadon hannu ne ya haɗu da sanin abin da ke ƙarƙashin fata.

Wannan sanin ne muka rasa ranar da wani ɗalibina ya faɗo daga mangwaro, shekarun baya, cikin bazara. Yaro ne mai kyan rubutu, shi nake sa wa ya rubuta kwanan wata a allo. Ya dafa ƙasa da hannun dama, gwiwar hannun ta karye. Aka kai shi wurin wani maɗori a wani ƙauye, ya ja, ya jera karare, ya ɗaure da tsumma tamau. Da yamma na je gaishe su. Na ga yatsun sun kumbura, na ga yaron yana ta juyi yana cizon leɓe, na kuma ji ana cewa ƙashi ne ke haɗuwa, ya yi haƙuri. Na yi musu sannu, na ce Allah ya sawwaƙe, na hau babur ɗina na tafi. Ban san abin da nake kallo ba. A kwana na uku yatsun suka yi duhu suka daina ji, sannan aka nemi mota. Likitoci sun ceci hannun daga yankewa, amma naman damtsen ƙasa ya riga ya mutu, yatsun suka ƙanƙance suka lanƙwashe. Da hagu ya ƙarasa makaranta.

Daga baya wani majo ya zaunar da ni ya yi min bayani. Babbar jijiyar jinin hannu a gaban gwiwar take bi, karayar wurin tana iya danne ta. Sannan duk karaya kumbura take yi a kwana biyun farko. Idan an ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyi daga ciki, jini ya daina isa ga nama. Awa shida zuwa takwas sun isa nama ya fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Shi ya sa a asibiti ba sa rufe sabuwar karaya ruf da farin ɗaurin nan mai tauri, sai su bar gefe ko su tsaga shi, su bar yatsu a waje, su ce a dawo washegari. Ya kuma ce ƙashin yaro daga bakinsa yake tsiro, kusa da gaɓa, don haka karayar da ke kusa da gwiwa ko wuyan hannu ko idon sawu idan ta haɗe a karkace, hannun ko ƙafar na iya girma a karkace. Wannan ba a gane shi da shafawa, sai da hoto. Ita kuwa karayar da ƙashi ya huda fata, idan aka cusa mata garin magani aka rufe, an buɗe wa ruɓa da ciwon sarƙe haƙora ƙofa.

Na san abin da za ku ce, domin a taron iyaye an faɗa min a fuska: “Mushe, asibiti yankewa suke yi.” Ku tsaya mu bi zancen daga tushe. Wa ake kaiwa asibiti? Wanda ya kwana huɗu a ɗaure, hannu ya yi baƙi yana wari. Likita ba shi da abin yi sai ya yanke don ya ceci rai. Mutum ya dawo gari da dungu, kowa ya gani, kowa ya ce asibiti ne. Gobe wani ya karye, tsoro ya hana a kai shi da wuri, shi ma sai ya ruɓe a kai shi. Waɗanda aka kai a ranar farko suka dawo da hannunsu lafiya ba wanda ke ba da labarinsu a majalisa.

Amma asibitin ma yana da nasa laifi, ba zan rufe masa asiri ba. Na taɓa raka wani yaro wani asibiti, muka wuni a benci, aka ce babu wuta, da wuta ta zo aka ce mai ɗaukar hoto ya fita. Na ji yadda wata ma'aikaciya ta yi wa uban yaron magana, dattijo mai furfura, kamar ɗan cikinta, don kawai ya ce sun fara biyawa ta wurin maɗori. Mutumin da aka kunyata haka, gobe ba zai faɗi gaskiya ba, ko ma ba zai dawo ba. Ga nisa: daga Gaya zuwa Dosso kusan kilomita 150 ne, Yamai kuwa kusan 300. Da can wasu kan tsallaka gada zuwa Malanville su nausa cikin Benin neman magani, sai rufe iyakar da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023 ya mai da tafiyar ta jirgin ruwa. Wasu kan bi ta Kamba zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, masu ƙarfi har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ga kuɗi: tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma ɗan shekara huɗu ba ya hawa mangwaro. Masu karyewa 'yan bakwai zuwa sha huɗu ne, waɗanda ke zaune a azuzuwanmu, su kuma sai an biya. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da aka yi a 2024 ya taimaka, sai dai bai rage kuɗin mota ba, bai kuma ciyar da mai jinya a birni ba. Uban da ya zaɓi maɗori ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Kuskuren lissafin ɗaya ne: bai sa kuɗin hannun da zai iya mutuwa a ciki ba.

To idan aka ce in jera su, ga yadda nake gani. Ciwon ƙugu na babba wanda babu ko ɗaya daga alamomin da na lissafa, a je wa mai tausa, ko kine, ko ma ƙwararren mai danna baya idan akwai shi da takardarsa, duk tafiyar ɗaya ce, muddin ba a taɓa wuya ba, ba a kuma ce ka sayi zuwa ashirin a gaba ba. Wanda ya ce dannar baya tana maganin suga ko hawan jini har ka ajiye ƙwayarka, ka tashi ka bar masa tabarmarsa. Karaya kuwa, musamman ta yaro, a fara ɗaukar hoto. Ban ce kada a je wa maɗori ba, na san ko na faɗa ba za a ji ba. Cewa na yi a je da hoto a hannu, bayan wanda ya iya karanta shi ya ce wannan mai sauƙi ce. Waɗanda suka riga suka haɗe a karkace ma ba a yanke ƙauna ba, asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 irin wannan gyaran yana cikin aikinsa.

Hana maɗora aiki ba zai yiwu ba, ba kuma shi ne mafita ba. A kudancin Habasha, likitocin asibitin Arba Minch sun lura yawancin hannuwa da ƙafafun da suke yankewa ɗaurin gargajiya ne ya kashe su. Ba su kira 'yan sanda ba, sai suka tara maɗoran suka yi musu horo na ɗan gajeren lokaci a kan ɗauri da alamun haɗari. Rahoton da aka buga a 2005 ya nuna yankewar ta ragu ƙwarai. Ban ga abin da zai hana hukumar lafiya ta gundumar Gaya da sarakunanmu su gwada irin wannan ba. Kuɗin wuni ɗaya ne da abincin rana.

Kafin su yi, mu a makarantarmu mun fara da abin da ke hannunmu. Mun kai maganar gaban kwamitin CGDES da ƙungiyar iyaye mata. An rubuta alamomi biyar a kwali an manna a ƙofar kowane aji: zafin da ke ƙaruwa bayan ɗauri maimakon ya ragu, yaro ya yi ihu idan an miƙe masa yatsa, yatsu su kumbura ko su yi sanyi, su canza launi, ko su daina ji. Ko ɗaya aka gani, a kwance ɗaurin nan take a kama hanya, ko da tsakar dare ne. An ware ɗan kuɗi a asusun kwamiti na kabu-kabu da hoton farko, uba ya biya bayan girbi. Murɗa wuya kuma ya shiga jerin laifuffukan da ake kiran uba a kansu. Wasu iyaye sun ce mun shiga abin da ba namu ba, ɗaya ma ya ce ko asibiti ne ke ba ni kamasho.

Abin da ya fi yi min wuya shi ne zuwa wurin tsohon maɗorin unguwarmu, wanda ya ɗora ni kaina ina yaro. Na je da goro bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na fito da maganar. Ya saurare ni har na gama, ya ce: “Yaro, kafin a haifi ubanka nake ɗori.” Na ce haka ne, Baba. Ya yi shiru yana ɓare goro, can ya ce shi ma ya sha ganin hannu ya baƙanta a wurin wasu, kuma ubansa ya hore shi cewa idan yatsa ba ta shiga tsakanin kara da fata ba, ɗaurin ya yi tsanani, yaran yanzu ne ba sa bi. Ya yarda zai riƙa barin yatsu a waje, ya kuma yarda duk karayar da ta yi jini ba zai taɓa ba. A kan gwiwar hannu muka rabu ba mu daidaita ba, ya ce wannan aikinsa ne tun na kakansa. Da zan tashi ya tambaye ni ko hoton nan da nake ta magana ana iya kawo masa ɗaya ya gani. Na samo wani tsoho a wurin majo na kai masa ranar Juma'a. Ya ɗaga shi sama saitin rana, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa daidai inda ƙashin ya tsage, sannan ya ce in bar masa shi.